Hamsin-da-shida, Injin Niƙan Inna

Ni 'yar fari ce. Wanda ya san abin da hakan ke nufi a gidajenmu ya riga ya san rabin labarin nan. Sauran rabin kuma injin niƙa ne.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ban kuma yi mata laifin komai ba. Kunyar ɗan fari ce kawai, wadda ta gada wajen uwarta, ita ma ta gada wajen tata, tun zamanin da kakanninmu ke sauke goro a Zangon birnin Ouaga. Sauran matan unguwa sun daɗe da sassauta abin. Na ga wata da idona tana ɗaukar hoto a waya da ɗanta na fari, kai a jikin kai, har da ɗaga yatsu biyu. Inna kuwa ta riƙe tata kunyar yadda aka miƙa mata, ko ƙwaya ba ta rage ba. Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata a unguwar Gounghin. Can na girma, can na yi lakwal, wato makarantar boko, daga can aka kai ni ɗakin mijina a Paspanga. Gidanmu na Zango zuwa nake yi, in zauna, in tafi.

Ba wai ba ta magana da ni ba ne. Tana yi, sai dai maganar ba ta biyo hanya miƙaƙƙiya. In na yi sallama, ƙofa take amsa wa. In tana so in ci abinci, sai ta dubi tukunya ta ce, "Ashe yanzu sai an roƙi mutane kafin su ci tuwo." In lafiyar yarana take son ji, sai ta tambayi autarmu, auta ta juyo ta tambaye ni, in ba ta amsa, ta mayar wa Inna, duk muna kan tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa. Sunana a bakinta "waccan". In ranta da daɗi, "ta Gounghin".

Kada wani ya ce ba ta sona. Duk ranar da zan tafi sai na tarar da ƙullin yaji ko daddawa a kwandon babur ɗina, kuma duk gidan ba wanda ya san wanda ya sa. To amma ni mutum ce mai baki, aikina ma baki ne. Fizik nake koyarwa a wata makarantar koyon sana'a, inda ƙatti masu gemu ke ɗaga hannu suna cewa, "Madam, a sake." Na saba a tambaye ni in ba da amsa. Abin da nake so wajen Inna bai wuce wannan ba: sau ɗaya tak ta dube ni, ta yi mini tambaya, in amsa mata ba ɗan aike. Na wuce shekara talatin ina jira. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don na san dariya za a yi mini.

Inna tana da injin niƙa a rumfar kwano da ke ƙofar gida, kuma tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidan. Geron fura, masarar tuwo, waken ƙosai, tattasai da tumatir, da geron da maƙwabtanmu Mosawa ke kawowa na zom-kom, ruwan geron da suke tarar baƙo da shi, duk ta bakin injin nan suke bi. Da wutar kuran, wato lantarki, yake aiki. Wata bazara kuwa kuran ta zama baƙuwa, ta leƙo da safe, ta tafi ba sallama, sai an gan ta. Waken da aka jiƙa tun hantsi ba ya jiran kowa, tsami yake yi. Mata suka fara ɗaukar robobinsu suna tafiya Kamsaoghin wajen wani mai injin da ke shan mai. Inna ta san halin ciniki, wadda ta tafi sau biyu ba lalle ta dawo ba. Sai ta yanke shawarar ita ma za ta sayi inji mai shan mai.

Magana ta tsaya a wuri ɗaya: na esansi ko na gazuwal. Haka muke faɗa a nan, masu zuwa Kano kuma su ce fetur da dizal. Da auta ta gaya mini a waya, sai da na sauka daga kan kujera na taka rawa ni kaɗai a ɗaki. Wannan fa darasi ne da nake koyarwa duk shekara. Ko daga barci aka tashe ni zan rubuta shi da hannun hagu. Na ce a raina, to Inna, yau dai kin shigo gonata, ba ki da hanyar zagayawa.

Ashe tana da ita. Ta tambayi Kawu, ƙanenta mai sayar da shadda da atamfa, wanda saninsa da inji bai wuce inda ake murɗa makullin babur ba. Ta tambayi makanikin bakin titi, wani dattijo Bamoshe da ke gyara mata bel in ya tsinke. Wannan na yarda, sana'arsa ce. Ta tambayi matar liman. Ta tambayi mai turo mana ruwa a baro, shi kuma bawan Allah ya ajiye baro ya ba da fatawa mai tsawo. Har auta ta sa ta tambayi waya. Duk wannan ina zaune a tsakar gidan, da jakar makaranta a cinyata.

Na kasa haƙuri na zunguri auta, na ce, "Ki tuna mata abin da nake koyarwa." Auta ta tuna mata. Inna ta dubi rariyar da ke hannunta ta ce, "Masu koyarwa suna can suna koyar da 'ya'yan mutane. Allah ya ba su lada."

Na ce amin, don ba abin da ya rage in ce.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar aka yi ta ta ƙare. An ɗauke kuran tun azahar. Mata na zaune a bakin rumfa da robobinsu suna fifita da gefen mayafi, ko Allah zai sa ta dawo. Kawu ya zo, makaniki ma ya tsallako titi, suka sa kujeru suna fuskantar juna. Inna na gefe ta ba mu baya, tana tsince tsakuwa a tiren wake.

Kawu ya ce, "Na fetur za ki saya, Yaya. Ba nauyi, ba wahala. Ki ja igiya sau ɗaya, fir, ya tashi. A Kano kowa shi yake amfani da shi."

Makaniki, da Hausarsa mai haɗe da Mosanci da Faransanci, ya ce Kano daban, nan daban. Ya ce injin gazuwal jaki ne, ya ci kaɗan ya yini yana aiki.

"Jakin da sai an murɗa masa hannu ya tashi? Ranar da hannun ya kuɓuce ya karya mata haƙora, kai za ka saya mata wasu?"

"Naka kuma shan mai kamar an huda shi."

Haka suka yi ta yi, ba mai sauraron wani. Duk wanda ya gaji sai ya sha ruwa ya koma farko. Ni kuwa zuciyata ta kawo iya wuya. Ba na rabuwa da alli a jaka. Na miƙe, na jawo ƙyauren rumfar, koren ƙarfe ne mai faɗi, na rufe ɓari ɗaya. Na ce in dai Inna na iya magana da tukunya, ni ma ina iya magana da ƙyaure.

Na ce, "Auta, zo nan in koya miki wani abu."

Auta, wadda ta yi sallama da lissafi tun tana 'yar yarinya ta koma sayar da man shafawa, ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Me na yi miki?"

"Zauna, na ce."

Ta zauna a kan turmi kamar wadda za a yi wa allura. Na ɗaga murya yadda nake yi wa 'yan bayan aji.

Na ce inji ba mai yake ci ba, zafi yake ci. In an ƙona mai aka ba shi zafi kashi ɗari, wani kason zai zama aiki ya juya injin niƙa, sauran ya bi bututun hayaƙi ya tafi ɗumama Ouaga, wadda ba ta roƙi kowa ɗumi ba. Abin da muke nema shi ne, kashi nawa ke zama aiki. Na rubuta lissafin injin esansi a sama: ɗaya, a cire ɗaya bisa r, shi kuma r ɗin da 'yar ƙaramar lamba a kafaɗarsa, sifili da ɗigo huɗu. Na ce wannan r ɗin shi ne matsi, wato sau nawa fistan ke matse iskar da ke cikin inji kafin wuta ta kama. Iya matsin, iya aikin da za a samu.

Auta ta ce, "To."

Na ce, "Kin gane?"

Ta ce, "A'a, amma ci gaba."

Na rubuta na gazuwal a ƙasa. Na ce shi ma haka yake, sai dai yana jan wata wutsiya a gefe. Dalili kuwa, esansi lokaci ɗaya yake kamawa, bam, an gama. Gazuwal a hankali yake ci, fistan ya riga ya fara sauka shi yana kan ƙonewa, wannan jinkirin kuma asara ce. Wutsiyar nan ita ke auna asarar.

Daga nan na yi abin da nake yi wa ɗalibaina duk shekara don in ga fuskokinsu. Na ce mu yi adalci, mu ba su matsi iri ɗaya, kowa sau takwas. Na danna waya, na rubuta amsa da manyan lambobi. Esansi, hamsin da shida cikin ɗari. Gazuwal, arba'in da tara.

Kawu ya yi tsalle har hularsa ta karkace. "Allahu akbar! Yau boko ya yi amfani! 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Malam makaniki, karanta mana, ko in karanta maka?"

Makaniki ya ce da Mosanci shi bai taɓa ganin alli ya kwance ƙusa ba.

Na ce, "Auta, ban gama ba." Na ce matsalar ita ce ba wanda ke ƙera injin gazuwal da matsi takwas. A injin esansi, mai da iska tare ake matse su, in an wuce ƙa'ida sai man ya kama da kansa tun lokaci bai yi ba, inji ya yi ta ƙwanƙwasa har ya lalace. Don haka dole a tsaya kusa da takwas. A na gazuwal kuwa iska zalla ake matsewa, sai a ƙarshe a fesa mata mai. Iska ba ta da abin da za ta ƙone, ana iya matse ta sau goma sha takwas ba ta ce uffan ba. Na share takwas ɗin ƙasa da gefen hannu, na sa goma sha takwas, na sake dannawa. Sittin da uku.

Makaniki ya tuɓe hularsa ya ɗora a gwiwa, ya dubi Kawu da tausayi.

Kawu ya ce, "Maguɗi ne! Kowa ya ga ta goge da hannu!"

Na ƙara da cewa duk waɗannan lambobin na takarda ne, injin gaske mai fama da ƙura da zafi da wuya ya ba da fiye da rabinsu, amma na gaba dai shi ne na gaba. Ba wanda ya ji ni. Kawu na nuna amsar farko da sanda, makaniki na nuna ta biyu da sifana. Mata ma suka rabu gida biyu, masu ƙosai suna bayan Kawu don yana ba su ragowar yadi da Sallah. Auta ta sulale daga kan turmi. Ni dai ba su nake kallo ba. Bayan Inna nake kallo ta wutsiyar ido, kuma na lura tun wajen arba'in da tara hannunta ya daina motsi a cikin tire.

Sai ta juyo. Ba wuya kaɗai ba, duk jikinta, har kujerar ta yi ƙara. Ta dube ni cikin ido, fuskarta a murtuke irin ta wadda aka ɓata wa lokaci, ta ce, "To ke wanne kika ce in saya?"

Kawu ya bar sandarsa a sama. Ban taɓa sanin cewa akwai ɗan tabo a farin idonta na hagu ba sai ran nan.

Na ce, "Na gazuwal, Inna."

Da a ce abin ya tsaya nan, da an wuce lafiya. Amma akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune a gidan tun mutuwar mijinta, kuma ba abin da ke faɗuwa ƙasa ba ta tsince shi ba. Ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! Mata, kun ji abin da na ji, ko kunnena ne ya tsufa?"

Wata mai ƙosai ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce, "Barka da arziki, yau an haifi ta Gounghin! Yaushe ne suna?" Aka fashe da dariya, har da Mosawan da sai da aka fassara musu. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar tiren wake a ƙasa kaji suka samu, ta shige ɗaki ta saki labule. Har na tafi ba ta fito ba. Ran nan ba yaji a kwandon babur.

Ban damu ba. Wallahi daɗi na ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da na karɓi takardar gama karatu. Tun daga Zango har Paspanga ina maimaita maganar a kan babur, har na wuce kwanar gidanmu. Na gaya wa maigidana ina haki. Ya ce, "Madalla. Akwai sauran miyar jiya?"

Da na koma Zango mako na gaba, tun daga nesa na ji ƙara. Ƙyauren an wanke shi tas, ko ɗigon alli babu. A cikin rumfa kuwa ga wani ɗan jan inji, sabo fil, da igiyar ja a gefensa. Ba sai na sunkuya ba, warin ya ishe ni. Esansi ne.

Kaina ya yi zafi. Na tsaya a tsakar gida na buɗe baki, kuma da yake ko fushina sai da ɗan aike, auta na fuskanta. Na ce mutum ya ɓata allinsa, ya ɓata miyansa, a tambaye shi gaban jama'a, ya ba da amsa, sannan a je a yi akasin abin da ya ce? In an raina karatuna a faɗa mini! Auta ta ce, "Ni dai man shafawa nake sayarwa." Inna na can cikin rumfa tana zuba masara, ƙarar inji ta ba ta uzurin rashin ji.

Gwaggo ta kamo hannuna ta ja ni ɗakinta, ta zaunar da ni a bakin gado.

Ta ce, "Ke dai karatun ne kawai, wayo babu. Bakinta ya suɓuce ta tambaye ki gaban mata, kafin magariba duk Zango an ji. To in ta je ta sayo abin da kika ce fa? Har ta koma ga Allah ana nuna ta, ga wadda ke tutiya da 'yar fari, ga wadda 'yar fari ke juyawa. Da wane ido za ta shiga gidan biki?"

Na ce, "Ai ke kika fara tafa hannu, Gwaggo."

Ta ce, "Na tafa. Abin tafawa ne."

"To da na ce mata esansi fa?"

"Da yanzu gazuwal ke ƙara a rumfar nan."

Na ce, "Wato ba ta yarda da lissafin ba ke nan, ko ta yarda?"

"Ta yini tana maimaita mini lambobin nan har na haddace su ban so ba. Ta san wanda ya fi sarai. Da kin raɗa wa auta a ɗaki, auta ta faɗa kamar daga kanta, da an gama lafiya. Amma ina, sai kin yi mana lakwal a bakin titi."

Na fito. Gaskiya ita ce ko da na san haka tun farko, ban tabbata zan raɗa wa auta ba. Ni ba injin na zo nema ba. Daga baya na aika a gaya mata zan sayi na gazuwal a kawo da sunan Kawu, ba wanda zai sani. Ta gaya wa tsintsiya cewa ita ba ta da wurin ajiye inji biyu. Kawu kuwa har yau yana ba da labari a kasuwa cewa ya kayar da makaniki da malamar makaranta a zama ɗaya.

Injin kuma ya shiga cin mai yadda takarda ta ce, har da ƙari. Kullum Inna na hanyar gidan mai da jarka. Wata rana ina zaune ta dawo, ta dire jarkar kusa da ƙafata, alhali rumfa na can gefe, ta dube ta ta ce, "An dai faɗa. Ba a yi ƙarya ba." Ta ɗauke ta ta wuce. Na riƙe wannan ma na ajiye.

Ba a jima ba na ji ta raɗa wa injin suna. Hamsin-da-shida take ce masa. Mata sun ɗauka lambar kamfani ce, ba ta gyara musu ba. Yini take tana magana da shi. In ya ƙi tashi ta yi masa faɗa, in ya yi zafi ta kashe shi ta ce ya huta, in za ta rufe rumfa ta lulluɓe shi da tsohon zane. Ga shi da ƙara, ga saurin fushi, abu kaɗan ya ɗau zafi ya yi ta tari. Gwaggo ta ce ita dai yana tuna mata da wata, amma ba za ta faɗi suna ba.

A hankali saƙonnin da ke bi ta tukunya da ƙofa da auta suka koma bi ta rumfa. Ina sallama sai in ji, "Hamsin-da-shida, an sha rana, ga ruwa can a randa." Ko kuma, "Hamsin-da-shida, surutu tun ɗazu kamar rediyo, tuwo na hucewa." Auta ta ce alhamdu lillahi, ta yi ritaya ba fansho. Ni ma na koyi mayar da amsa ta wajensa. In mutum ya shigo bai san gidan ba, sai ya ga mata biyu manya suna hira da ƙarfe, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu.

Da damina ta biyu bayan haka, zazzaɓin dengi ya kwantar da ni. Ba ƙaramin kwanciya ba, har asibiti, har ƙarin ruwa, har maigidana ya daina tambayar miya. Gwaggo ce ta yi jinyata. Kawu ya zo, auta ta zo, makaniki ma ya aiko da lemo. Inna ba ta zo ba. Na san ba za ta zo ba, uwa irin tata ba ta zama a bakin gadon 'yar fari mutane na shiga suna fita. Na sani sarai, amma duk lokacin da ƙofa ta motsa sai na ɗaga kai, kuma abin ya yi mini ciwo. Kunun da Gwaggo ke ba ni dai na gane hannun da ya dama shi. Auta ta ce mini tun ranar da aka kwantar da ni ba a buɗe rumfa ba, mata duk sun koma Kamsaoghin, Inna ta ce musu inji ne ba lafiya.

Da aka sallame ni na ɗan yi ƙwari, na sa maigidana ya kai ni Zango da hantsi. Rumfa a buɗe, ba kowa sai ita. Ta ba ƙofa baya, tana goge injin da tsumma. Na yi sallama, ta amsa wa ƙyaure. Na zauna a bencin masu jiran niƙa, don ƙafafuna ba su gama dawowa ba.

Ta ci gaba da gogewa. Wurin da take gogewa ya riga ya yi ƙal, amma ba ta matsa ba. Can ta ce, "Hamsin-da-shida, kin rame."

Na dubi injin. Yana nan yadda yake, jan ƙarfe, ko gram bai rage ba.

Na ce, "Za ta mayar."

Ta ninke tsumman, ta warware, ta sake ninkewa. Ta ce, "Kin ba ni tsoro. Kada ki sake."

Na ce, "Ba za ta sake ba, Inna."

Ta gyaɗa wa injin kai. Sannan ta taka shi da ƙafa ɗaya, ta naɗe igiyar a hannu ta fizga, ya tashi da ƙararsa ta kullum, ya cika rumfar da hayaƙi. Ba ko ƙwayar gero a cikinsa, ga mai da tsada. Ta bar shi yana ta yi, tana tsaye ta ba ni baya, ni kuma ina kan benci, har muka gama share idanunmu.